A Rubuta Mana Babu

Zuwa ga Yallaɓai, babban jami'in da ke kula da walwalar 'yan gida a ofishin jakadancinmu a nan London.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da mai gadin ƙofarka wanda yanzu ya haddace fuskata fiye da matata.

Ni ne Garba, wanda ake ce ma Sarkin Guragun Deptford. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, kuma har yau ba a samu mai ja ba. Ka yi haƙuri da rubutun. Bokona na yaƙi da jahilci ne, wata uku na yi malamin ya ce na fi ƙarfinsa. In ka ga harafi ya kwanta, ka tashe shi. A jirgin ruwa na zo ƙasar nan, tun rabin masu tebur a ofishinka suna goye. Na yi dako a bakin ruwa, abin da Turawa uku ke nishi a kai ni kaɗai nake saɓa shi, har ranar da ƙarfe ya faɗo ya ci min ƙafar hagu. Yanzu ta katako gare ni. Ba ta jin sanyi, ba ta cin safa.

Na sa a buga wannan a takardar da ake rabawa bayan Juma'a, don sau huɗu ina jan ƙafar nan cikin bas har ofishinka a Charing Cross, sau huɗu ana ce min kana mitin.

Na ɗaya. Ƙungiyarmu ta naƙasassu ce, ɗaki ɗaya gare mu a bayan kasuwar Deptford. Ba ma saye, ba ma sayarwa. Kansul, wato ƙaramar hukumar Turawa ta unguwarmu, ke ba mu girant, kuɗin tallafi, duk shekara, da shi ake biyan haya da albashin Madam Laraba. Ita tsohuwar nas ce, Kirista daga Kagoro, amma Hausa a bakinta sai ka ce a Fagge aka yanke mata cibi. Ita ce bakinmu. Ita ke cika mana fom, ta raka makaho asibiti, ta tare mai gidan haya in ya zo da wulaƙanci. In Bature ya jefo Turanci mai ƙaya, ita ke cire ƙayar ta miƙo mana.

Na biyu, kuma nan nawa laifin yake. Kafin Babbar Sallar da ta wuce, kansul ta aiko cewa wata Baturiya za ta zo ta duba ko har yanzu muna da bukata. Madam Laraba ta ce a bar ɗakin yadda yake, a bar bokitin da ke tare yoyo, a bar kujerar da muka ɗaure da waya. Na yi dariya har na ƙware. Na ce haba Madam, baƙuwa za ta zo fadar Garba ta tarar da bokiti? Ta ce Sarki, wannan ba baƙuwa ba ce, awo ta zo yi. Ban ji ba. Na aro darduma a wani shago na Old Kent Road, na aro kujeru, matata Hajara ta dafa shinkafa da kaji. Kowa ya ciro rigar Sallarsa daga ƙasan akwati. Na tura bokiti bayan labule. Don a ƙara wa taron nauyi kuma na gayyace ka, ka zo da doguwar mota.

Baturiya ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar yaya muke. Kowa ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. To me ɗan halak zai ce? A gidan wa aka koya mana baƙo ya gaishe ka ka ɓare baki da kuka? Ni kuwa na ce mata a ƙasarmu yanzu mai malala yake kamar korama, akuya ma sai ta zaɓi abin da za ta ci. Tana dariya tana rubutu. Wallahi na zaci barkwancina take kwafewa ta kai wa mijinta.

Na uku. Ranka ya daɗe, sai ka miƙe da kofin lemo a hannu, ka ce daga yau gwamnati ta ɗauke nauyin bayin Allahn nan kaf, ɗan ƙasa mai arzikin mai ba zai ƙara miƙa hannu a ƙasar wani ba. Aka yi tafi, Hajara ta rangaɗa guɗa, ni na yi ma kirari har muryata ta dishe. Mu dai duk mun san maganar taro a taro take kwana. Baturiya ba ta sani ba. Ta rubuta.

Na huɗu. Ba a yi wata biyu ba takarda ta zo. An tsayar da girant, wai mun samu wani uban. Madam Laraba ta je ta yi bayani, suka ce abu mai sauƙi ne, a kawo takarda daga ofishinka cewa ba kwa ba mu komai, sai su sake dubawa. Na zo neman kuɗin da ka yi alkawari, aka ce ana jiran amsa daga Legas. Na ce to a ba ni takardar babu. Akawunka ya dube ni kamar na zagi kakarsa, ya ce ofishi irin wannan ba ya rubuta babu, zubar da mutuncin ƙasa ne. Ga mu nan wata bakwai, ba tsuntsu ba tarko.

Na biyar. Madam Laraba ta yi wata huɗu tana mana aiki ba sisi. Ita ma da 'ya'ya. Ta koma asibiti, sai ran hutunta take leƙo mu. A tsakanin nan takardu suka taru a ƙarƙashin ƙofar Baba Audu makaho, ba mai karanta masa. Ɗaya daga ciki ta kuɗin gas ɗin ɗumama ɗaki ce. Aka yanke masa a tsakiyar sanyi, shi kuma kunya ta hana shi faɗa. Ranar da na gaishe shi a masallaci ce min ya yi lafiya lau. Ban ce kai ka kashe shi ba, ban ce kansul ba, kwana ne ya ƙare. Amma ni na yi masa wanka, Yallaɓai. Riga huɗu na cire masa, har da ta Sallar da na sa shi ya saka ranar taron.

Na shida, shi ne abin da ya sa na zauna ina kokawa da biro. Malam Iro abokina ne, jirgi ɗaya ya kawo mu. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi bara, ta tafi da Turancinsa gaba ɗaya, ta bar masa Hausa, ita ma a karye. Ni da Madam Laraba kaɗai ke gane shi. Ƙarshen watan nan kwamitin kansul zai sake zama a kansa: ko a bar shi a filat ɗinsa ana turo mai taimako, ko a kai shi gidan gajiyayyu can wajen gari, inda ko ruwa ya roƙa ba mai sanin me ya ce. A zaman farko ni na je a matsayin bakinsa. Na sa babbar riga, na yi musu rabin awa ina zuba, har wani ya yi dariya. Da na gama suka miƙo fom mai shafi kamar littafi. Na duba sama na duba ƙasa, ba gurbin da aka ware wa surutu. Iro yana kallona da idon nan nasa ɗaya mai motsi. Na mayar musu da fom ɗinsu ba ko harafi a ciki.

Madam Laraba ta ce in har girant zai dawo, za ta ajiye aikin asibiti ta tsaya masa, ta san ƙofar da ake bi. Amma ba za ta saki reshe ta kama ganye ba, kuma ban ga laifinta ba.

To ga roƙona. In gwamnati za ta biya, ta biya kafin wata ya mutu, ni da kaina zan yi ma kirarin da ya fi na farko. In ba za ta biya ba, a ba mu takarda ɗaya mai hatimi, layi biyu, a ce babu. Ba a taɓa roƙon babban mutum abin da ya kai wannan araha ba. In kuma kana shakka, ka zo ba tare da sanarwa ba. Darduma ta koma wurin mai ita, bokiti ya dawo bakin aikinsa.

Na san kalmar tana da nauyi. Makon jiya na je ofishin Baturiyar nan da tsohuwar rigata, ta tambaye ni yaya nake, na ce mata ba lafiya. Wallahi yanke ƙafa bai kai wannan zafi ba. Amma na faɗa, kuma ban mutu ba. Ni da ba ni da komai sai baki na haɗiye nawa girman. Saura naka, Ranka ya daɗe.

Allah ya ƙara ma girma, ya raya zuri'a, ya bar ka da ƙafafunka biyu da harshenka. Ranar da harshen ya gaza kuma, Allah ya ba ka mai faɗa a madadinka.

Wassalam.

Naka,
Garba, Sarkin Guragun Deptford,
a madadin Malam Iro, wanda ya dangwala yatsa a ƙasa.