Baba Ya Gyara Kulocin Motarka

Unguwar Sabon Gari,
Ƙauran Namoda.

Zuwa ga Yaya Zayyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Maimunatu da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya tsare ku a can Fatakwal, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa Islamiyya da kanta. Damina ta yi kyau, geron gonarmu ta Banga ya fara fitar da kai, ko da yake ba kullum ake samun zuwa ba.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Maganar jar motarka ce, mai ƙofa biyu, wadda ka ce a sayar. Mai sayen da ka turo daga Gusau ya zo wata ranar Asabar. Ya shiga ya tayar da ita, amma da ya taka kuloci sai ya nutse har ƙasa bai dawo ba. Ya yi ta kokawa da giya, tana wani irin ƙara mai sa haƙori tsami. Ka san wata takwas ke nan tun da Baba ya dawo daga hannun mutanen da suka ɗauke shi a hanyar Zurmi, bai buɗe garejinsa ba, bai taɓa sifana ba, magana ma sai an tambaye shi. To wannan ƙarar ce ta fito da shi daga zaure, ko takalmi bai sa ba. Ya ce wa mutumin ya sauko, ba haka ake yi wa mota ba. Mutumin ya ji haushi ya tafi, ni kuwa ban ko raka shi ba.

Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya ce in ɗauko masa akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Ya buɗe bonet ya nuna mini robar man kuloci, babu ko ɗigo. Ya bi bututun da yatsa har ya kai ga wani ɗan ƙaramin gwangwanin ƙarfe, ya ce sunansa akumuleta, aikinsa shi ne tausasa bugun mai don kada kuloci ya riƙa girgiza ƙafar direba. Duk jikin gwangwanin ya jiƙe da mai. Ya ce wataƙila notin bakinsa ne ya saki, sai ya ɗaure shi kaɗan, don in an matsa da yawa bakin bututun yakan fashe. Yaya, sau biyu sifana tana faɗuwa daga hannunsa. Na yi kamar ban gani ba. Ya goge wurin tas, ya zuba mai, ya aike ni madafa in ɗebo garin tuwo, ya barbaɗa a kai, ya ce da safe garin zai faɗa mana inda ciwon yake.

Da safe kuwa garin da ke kan noti a bushe yake, amma na gindin gwangwanin ya zama ƙullu. Ya ce ke nan cikinsa ne ya mutu, sai sabo. Boniface mai sayar da kayan mota ya ba shi shawarar a cire shi gaba ɗaya a haɗa bututun kai tsaye, wai kowa haka yake yi. Baba ya ce wanda ya ƙera motar ba don ado ya sa shi ba. Kwana tara muka jira kafin Boniface ya samo shi daga Kaduna, kuma a kwanakin nan Baba da ƙafarsa yake zuwa shagon tambaya, mutumin da masallaci kawai ke fitar da shi.

Ranar da aka sa shi, ni ce a kujerar direba. Baba ya ɗaga motar da jak ya shiga ƙasa, don sai an fitar da iskar da ta shiga bututu. Ya ce in taka kuloci sau uku in danne, kada in saki sai ya ce. Mun yi haka ya fi sau ashirin, cinyata kamar za ta cire. Can na gaji na saki kafin ya rufe notin fitar da iskar, iska ta koma. Yaya, Baba ya daka mini tsawa irin ta da, ya ce ashe har yanzu ba na jin magana! Na leƙa sai na ga Inna a ƙofar madafa da muciya a hannu, tana dariya tana share hawaye. Muka sake daga farko, har kuloci ya yi tauri a ƙafata.

Shi ya ja motar da kansa, ina gefensa. Giya tana shiga ba ko ƙara. Muka bi ta tashar jirgi, 'yan kasuwa suna ɗago masa hannu suna kiran sunansa. Da muka kai mararrabar hanyar Zurmi ya tsaya yana kallon titin, sannan ya juya. Ya ce ba yau ba. Amma na lura bai ce har abada ba.

Don haka nake roƙonka, don Allah ka janye maganar sayarwar nan. Na san motar ba ta dace da ramukan garinmu ba, amma ka bar ta tukuna. Shi ma ya ba ni saƙo: wai in gaya maka birkinka na baya ya cinye, kuma duk wanda ya koya maka tuƙi bai gama aikinsa ba. Na tuna masa cewa shi ne. Ya ce to ka zo da Sallah ya ƙarasa.

Inna tana gaishe ku, haka Kawu Mahmuda da mutanen Shinkafi. A shafa mini kan Ilham da Mujahid. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Hamdiyya