Jirginsu Ya Ratsa Katsina

Yaya Sagir,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna, ya mutanen Kambarawa? Ni lafiya lau, sai dai sanyi, shi ma ana sabawa.

An ce ka kira ƙananan jiragen ƙasan da nake haɗawa wasan yara. To, ba ni bari. A ƙungiyarmu nan Jamus kowa na gina guntun layin dogonsa bisa katako, ranar baje koli a jona su. Nawa na yi mashi jar ƙasa da Ƙofar Ƙaura. Shugabanmu ya ce in rufe shi da koriyar ciyawa irin tasu. Na ce guntuna ne a tsakiya, ko jirginsu ya ratsa Katsina ko ya tsaya. Wallahi ya ratsa.

Inna ta sa mani albarka.

Ƙaninka,
Mudassir