Maɓalli Goma Kafin La'asar

Litinin, 3 ga Maris
Na je awo. Wata bakwai, amma nas ta ce cikin bai kai girman watanninsa ba. Ta shinshina mayafina, ta tambaya ko maigidana yana shan taba. Na ce e. Bawan Allah, ko hayaƙin girki ba ya so. Ta jero mini abin da taba ke jawowa: bakwaini, jariri mara nauyi, mabiyiya ta saki kafin lokaci. Ta ce in riƙa ƙirga motsin ɗan cikin, goma kafin la'asar.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ajiye kofi kusa da keken ɗinki, kowane motsi in jefa maɓalli ɗaya. Shida kafin azahar. Na rufe shago, na shige ɗakin gwajin kaya, karan taba ɗaya tak na sha. Daga nan tsit, kamar wanda ya ji takun mutum ya ɗauke numfashi.

Asabar, 8 ga Maris
Yau ko kunnawa ban yi ba. Hannu kawai na kai bayan madubi inda nake ɓoye kwalin, ya tsaya cak. Ya aka yi ya sani?

Talata, 11 ga Maris
Yaya ta zo. Tana ninke 'yan rigunan da na ɗinka masa, ta kai ɗaya hanci, ta ajiye a hankali. Warin Mama, in ji ta. Wai shekara taran da ke tsakanina da ita ba hutu Mama ta yi ba. Uku ta haifa, babu wanda ya yi kuka.
"Duk sai da ta ɗinka musu riguna. A kan wannan keken."
Ban taɓa sani ba. Ni kuwa a jakar marigayiyar na saci karana na farko.

Laraba, 12 ga Maris
Da rana tsaka, wani siririn tari daga bayan labulen ɗakin gwaji. Sau uku. Na ɗaga labule: kujera, madubi, sai ni. Mai askin da ke gefen shagona ya ce kyanwa ce. Na ji tsoro ƙwarai.

Juma'a, 14 ga Maris
Maɓalli biyu har la'asar. Ko takalmi ban sa daidai ba na nufi asibiti. Nas ta daɗe tana yawo da na'ura a kan cikina, ni ina kallon silin. Can sai ga bugun zuciyarsa, ƙasa-ƙasa.
"Ba maigidanki ba ne mai shan tabar, ko?"
Na ja rigata na rufe cikina.

Lahadi, 23 ga Maris
Goma tun kafin azahar. Ban ce na daina ba, kwalin yana nan inda yake. Ashanar ce dai na ba mai aski, ya fi ni bukata. Labulen kuma na cire, dama ya tsufa. Ɗazu na tsaya gaban madubin, hannuwana a baya, ina jira. Ɗan cikin ya harbe ni har sai da na dafa bango.
Sha ɗaya.