A Mayar da Makamai Gindin Tsamiya

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Kasuwar Laraba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, da ku da iyali. Ni ne Malam Isiyaku, malamin firamare a Dutsin-Ma, ɗan marigayi Arɗo Sambo na Barkiya. Sau da dama na zo ƙofar gidanku ana ce mini kuna barci, shi ya sa na kawo maganar fili, kowa ya ji.

Na farko. Alhaji, kun girme ni, kun fi ni sanin al'adar kasuwarmu. Duk wanda ya zo da sanda, ko takobi, ko kwari da baka, sai ya ajiye a gindin tsamiyar bakin kasuwa wajen Baba Tanko mai tsaro, ya shiga hannu rabbana. Makiyayi da manomi da maharbi duk haka suke yi. Mahaifina, da rawaninsa, yakan kwance wuƙar damtsensa ya miƙa, bai taɓa jin an rage masa girma ba. Tun zaɓen da ya wuce kuka ce samarin jam'iyyarku su riƙa shiga da kulake, wai don kiyaye zaman lafiya. Lafiyar da muke da ita ba mai gadi, ita aka ɗaukar wa masu gadi.

Na biyu. Ran Larabar da ta wuce yayana Haruna ya kai bijimi kasuwa. Ya ajiye sandarsa a gindin tsamiya kamar yadda ya gada. A kara, wurin sayar da shanu, samarinku suka tare shi suka ce sai ya karɓi katin jam'iyya kafin ya yi ciniki. Ya ce musu shi shanu ya sani. Abin da ya faɗa ke nan, na rantse da Allah. Suka rufe shi da duka, suka karya masa hannun dama, idonsa ɗaya kuma har yau ba ya gani da shi. Mutumin da ya taɓa korar kura daga garke shi kaɗai, yau matarsa ke ba shi fura a baki. Da sandarsa na hannunsa ba wanda zai tunkare shi, kuma sun san haka. Biyayya ce ta ja masa. Wannan ne ke ƙona mini rai, ba zan ɓoye muku ba.

Na uku. Na ji an ce kun ce ni ɗan boko ne mai surutun mutanen da suka mutu tun kafin zuwan Annabi. Gaskiya ne, tarihin Rumawan ƙasar Turai nake koya wa 'yan aji bakwai, to bari in koya muku kaɗan kyauta. Da Rumawa za su kafa birninsu, sa da saniya suka ɗaura wa garma suka ja kunya kewaye da shi, suka yi doka cewa ba mai ƙetare kunyar nan da makami. Sarkin yaƙinsu ko ya ci ƙasa goma, in ya dawo a waje yake barin rundunarsa. Kunya ce kawai, akuya ma ta tsallake ta, amma ta tsare su ɗaruruwan shekaru, domin kowa ya san abokin gabarsa ma hannu wofi ya shigo.

Da lalacewa ta zo, da kulake ta fara. Manyan gari suka ji haushin wani mai neman a raba wa talakawa gonaki, suka kashe shi da sanduna da ƙafafun benci, suka koma gida suna cewa sun kiyaye zaman lafiya. Bayan shekaru arba'in da ɗoriya wani sarkin yaƙi ya shiga birnin da sojojinsa. Da ya fita, abokan gabarsa suka shigo da nasu, tunda an nuna musu hanya. Jamhuriyar Rumawa ba ta sake tashi ba. Can gaba kuwa, masu gadin fada da kansu suka kashe sarkin da suke gadi, suka yi gwanjon sarautar. Mu yanzu shekara biyu ke nan da aka ce mun zama jamhuriya, kuma samarin da kuke ciyarwa sun riga sun gane cewa da kulkinsu kuke tsaye. Ran da tuwon ya yi musu kaɗan, sun san hanyar gidanku.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni zama. Danginmu na Barkiya da rugagen wajen Birchi sun taru a gidan kawunmu bayan Juma'a. Sun yanke cewa ran Laraba mai zuwa za su zo kasuwa, kuma ba wanda zai tsaya a gindin tsamiya. Na roƙe su, na yi musu Allah da Annabi. Kawu ya ce mini, "Isiyaku, kai da alli kake aiki. Haruna ya ajiye sandarsa, ga abin da ya samu." Cikin masu zuwan har da ƙannena biyu, cikin samarinku kuma akwai waɗanda na koya wa karatu da hannuna. Duk wanda ya faɗi ran nan, nawa ne.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Ku sa a yi shela kafin Laraba cewa dokar tsamiya ta dawo a kan kowa, samarinku su fara ajiye nasu a gaban jama'a. Ku miƙa waɗanda suka daki Haruna ga alƙali, an san su da sunayensu. Ku kuma taka da ƙafarku ku je Barkiya ku yi masa sannu. In kuka yi haka, na ɗauki alkawarin tsayawa a bakin kasuwa in karɓi sandar kawu da hannuna.

Kada ku ce da sauran lokaci. Jiya na kai fartanyata wurin maƙeri a Wurma a gyara mini, ga damina ta kawo kai. Maƙerin ko kallonta bai yi ba, ya ce in dawo bayan Laraba, aikin kibau ya yi masa yawa.

Allah ya ba ku ikon jin gaskiya tun tana da amfani, ya tsare ku da zuriyarku, ya sa mu wayi garin Alhamis ba gidan da ake zaman makoki.

Wassalam.

Malam Isiyaku Barkiya,
Dutsin-Ma.