Garin Zaƙin Da Na Riƙa Zuba Wa Baba A Ɓoye

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar shafin nan. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kar a zage ni, tsoron da nake ciki ya ishe ni.

Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Kura da Bunkure, ni ke yi wa mahaifinmu girki tun rasuwar Inna. Baba manomin rani ne, yana da ciwon suga da hawan jini, likita ya hana shi suga. Shi kuwa in kunu ba zaƙi, ture kofin yake ya tafi gona da yunwa. Ina kallo yana ramewa, in zuba ido? Sai wata mai zoɓo ta nuna min wani farin gari, sakarin, ta ce ai ba suga ba ne, ɗan kaɗan ya isa. Na fara zubawa a ɓoye, a kunu, a shayi, har a fura. Duk ran da ya ce, "Uwata, yau kunun ya yi," washegari sai in ƙara hannu. Shekara biyu ba wanda ya sani.

Satin jiya Baba ya faɗi a bakin kanal yana ba tumatir ruwa, ɓarinsa na dama ya shanye. A asibiti a Kano likita ya ce jini ne ya daskare ya toshe jijiya. Ya tambaya, "Yana shan kayan zaƙi? Har da garin nan da ake sawa maimakon suga, don ana zargin yawan irinsu na iya taɓa zuciya da jijiyoyi, ko da yake ba a gama tabbatarwa ba." Yayana ya yi caraf ya ce, "Ga mai girkin nan, ko ɗanɗane ba ta ba shi." Na ce, "Haka ne." Wallahi ƙarya na yi.

Ni ce na kwantar da mahaifina? Ko hawan jinin ne? Tunda na ɓoye wa likita gaskiya, anya maganin zai yi daidai? Ko motsi Baba ya yi a gado sai gabana ya faɗi, in ga kamar tafiya zai yi.

Jibi za a sallame shi. Ɗazu Yaya ya ce min, "Ke za ki ci gaba da jinyarsa, hannunki kaɗai na yarda da shi." Na kasa ɗago kai.

In na faɗa, ƙila su raba ni da Baba. In na yi shiru ya rasu fa? Me zan yi?