Babu Mai Taka Min Baya

Maman Auta,

Ina gaisuwa. Yaya gida, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Ni lafiya lau, sai ɗan ciwon bayan nan, kada ki damu. Ina zuwa sito ina ɗaukar kwalaye, sallah ce kawai nake yi a zaune. Takalmi mai igiya kuwa na daina sawa, sunkuyawa ta gagare ni.

Nan babu mai taka min baya kamar yadda Auta take yi. Jiya na kwanta rub da ciki, na ɗora ƙaramin buhun shinkafa a ƙuguna. Nauyinsu ɗaya, amma shi ba ya dariya.

Ki ce mata kada ta yi saurin girma.

Mijinki