Kwanonki da Ya Zauna a Ƙaraye

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan makwancinki na da yalwa da haske. Yau wata huɗu da muka raka ki, sai yanzu na iya zama in rubuta miki.

Ranar Asabar na kwashi Hadiza da yara muka fita zumunci, hanyar nan da kika saba bi duk bayan babbar sallah. Mun bar Dala da sassafe, muka fice ta Kabuga. Ba wanda ya zauna a kujerar gaba, inda kika saba zama. Matar tawa ta ce ita dai baya za ta shiga.

A Rimin Gado mun gai da Kawu Sale. Ya tsufa ƙwarai, amma har yanzu ɗan dako yake ce min, duk da shaguna ukun da nake da su a kasuwar Kwari. A Gwarzo, Gwaggo Asabe ta dama mana fura tana share hawaye. Duk wannan na daure.

Ƙaraye ce ta karya ni.

Kin tuna zuwanmu na ƙarshe, shekarar da na sayi motar nan? Kin kai wa aminiyarki Iya Talatu alkaki a koren kwanonki mai murfi. Kuka shige ɗaki kuna hira, ni ina waje ina ta duba agogo, wai ana sauke min kaya a shago. Na danna hon har sau uku. Ke fa, Inna, ke na danna wa hon. Kika fito kina gyara mayafi, kwanon ma ba ki tsaya an juye ba.

Tun daga nan sai ki riƙa cewa, "A gaya wa mai motar nan kwanona yana Ƙaraye." Ni kuma, da yake ina ganin ba abin da ya fi ƙarfina, na sayo miki saitin kuloli 'yan waje. Kika sa min albarka, kika tura su ƙarƙashin gado. A gabanki na tashi, amma na manta cewa tun kuna amare kwanon nan yake tafiya da alkaki ya dawo da daddawa, kuma ba a ba da shi saƙo, mai shi ce take zuwa da ƙafarta. Ashe cewa kike in mayar da ke.

Da kika rasu na sa sanarwa a rediyo, na tura a waya. Manyan mutane suka cika lungunmu, wallahi har raina ya yi fari. Ban tura kowa Ƙaraye ba. Jikokin Iya sun ji, suka ɓoye mata saboda hawan jininta, suna jiran wani daga gidanmu ya zo ya faɗa da bakinsa.

Ranar Asabar ɗin, Iya tana jin muryata ta laluba bayan gado ta ciro kwanon, cike da daddawa. "Ina take? Ko yau ma sauri kuke, ba za ta fito daga mota ba?"

Inna, na zube a gabanta, na gaya mata. Ta yi salati, tana shafa murfin. Can ta miƙo min. "Kai wa yara su sha miya. Amma ka dawo min da shi, kuma ba a kawo shi haka nan."

Ga shi nan a gabana, har ɗakin ya ɗauki ƙamshin miyarki. Hadiza tana koyon alkaki wajen maƙwabciyarki, sau biyu yana ƙonewa. Ranar Lahadi zan mayar. Zan kashe motar, in cire agogo, in zauna a tabarma har sai Iya ta sallame ni da kanta.

Ki yafe min hon ɗin nan, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya sanyaya makwancinki, Ya haɗa ki da aminiyarki a Aljanna, inda ba mai kiran ku ku fito.

Ɗanki na fari, wanda kunya ba ta taɓa barin ki kira sunansa ba,
Mai motar nan.